Farar Fitila a Gindin Tsamiya

Ana gab da magariba Fabian ya jingina tsaninsa da turken fitilar da ke gindin wata tsamiya a Nassarawa GRA. Mai aikin lantarki ne, ɗan Zonkwa. Shi ya cire tsofaffin fitilun layin masu jan haske, ya kafa farare masu sola. Wannan ɗin aka ce tana ƙyaftawa, aka turo shi ya duba.

Matattun ƙwari sun yi tsibi a ƙasan turken, suna ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalminsa, ga ƙarni. Jan hasken bai taɓa tara su haka ba.

Inuwa, tsohon mai gadin gidan da ke kallon bishiyar, ya fito da buta a hannu.

"Injiniya, ka yi wa masu wurin sallama kafin ka kunna musu rana a ɗaki?"

"Baba, kwangila ce fa, ba ziyara ba."

"To. Jemagu dai sun yi ƙaura. Kurciya kuwa har asuba take kuka, ba ta san dare ya yi ba. Ka ji tausayin idonka ka bari sai da safe."

Fabian ya yi dariya ya hau. Inuwa ya wuce masallaci.

Fitilar ta kama da kanta. Ƙwari suka yo caa a fuskarsa. Sai kiran salla da ƙarar adaidaita suka ɗauke lokaci ɗaya, kamar an toshe masa kunne.

Wari ya taso, irin na ƙonannen gashi.

Reshen da ke daidai kafaɗarsa ya lanƙwaso. Mace ce zaune a kai, da goyo. Idanunta jajaye ne, a bushe.

"Kwana tara," ta ce ƙasa-ƙasa. "Bai runtsa ba."

Goyon ya leƙo. Hasken ya cinye masa fatar ido, sai ƙwayar kawai.

"Ara masa taka."

Yatsa mai sanyi ya sauka a idonsa na hagu. Wani ya nufo na dama.

Fabian ya lalubo filaya a aljihu. Ya datse wayar.

Duhu.

A kwata masu dawowa daga masallaci suka tsince shi, kafaɗa a goce.

Ba a sake gyara fitilar ba, kuma kafin damina ta fita jemagu sun dawo. Likita ya duba Fabian sau uku, ya ce bai ga komai ba. Idon dama lafiyarsa ƙalau. Na hagun ne ba ya rufuwa; in zai kwanta, sai matarsa Milka ta ja fatar da yatsa ta manne masa da filasta.