Rabin Maganar Koci

Afiniki tana tsakar gida tana taya Mama tsaga citta, amma hankalinta duk yana bakin ƙofa. Tun da jirgin ƙasan Kaduna ya yi kuka a tashar Kafanchan ta kasa zama sosai. Sau biyu wuƙa ta kusa cin yatsanta.

"Ke, citta kike tsagawa ko hannunki?" in ji Mama.

Kafin ta amsa sai ga yayanta Jonathan ya shigo da 'yar jakarsa. Ta watsar da wuƙar ta tare shi.

"Yaya, sannu da hanya! Ka gan shi? Ya yi wasa? Sun ci?"

"Haba Fini, bari in sha ruwa mana!"

A gidan Baba Kumai ba a karɓar kayan gaisuwar mai neman aure sai an tura ɗan gida ya dubo sana'arsa da idonsa. Manomi a je gonarsa, malami a je makarantarsa. To, Silvanus ɗan Godogodo, wanda Afiniki ke so shekara uku ke nan, sana'arsa ƙwallon kwando ce. Yana buga gaba a kulob ɗin wani kamfani a Kaduna. Babu wanda ya fi dacewa da wannan aike kamar Jonathan, domin shi ne malamin wasanni a sakandare, shi ya fara ɗora wa Silvanus ƙwallo a hannu.

Baba ya fito ya zauna a kujerarsa ta katako.

"Abu ɗaya na aike ka. Wannan ƙwallo da ake jefawa cikin kwando maras gindi, zai ciyar da mace ko ba zai ciyar ba?"

Jonathan ya sunkuyar da kai. "Baba, na kalli wasan daga farko har ƙarshe. Kulob ɗinsu ya ci maki saba'in da ɗaya. Na Silvanus a ciki shida ne."

"Shida? Da wannan tsawo nasa kamar giginya?"

"Shida. Na kuma zauna da kocinsu. Da bakinsa ya ce hannun hagun yaron bai iya komai ba. In aka ba shi jifa kyauta, babu mai tare shi, rabi yake zubarwa. Ga saurin fushi. Irin waɗannan, Baba, shekara ɗaya ake sallamarsu."

Baba ya ce, "A gaya wa mutanen Godogodo su riƙe kayansu. Ba zan ba da 'yata ga wanda zai dawo gida da tsawo kawai ba."

Afiniki ta faɗa ɗaki tana kuka. Da wani ne ya kawo labarin, da ta ƙaryata shi nan take. Amma Yaya ne, wanda ya yi shekaru yana kai ta makaranta a bayan kekensa, wanda ya fara cewa, "Fini, yaron nan mai hankali ne."

Ran Lahadi ta biyu da faruwar haka, bayan an tashi sujada, ta hango Silvanus a gindin mangwaron coci, kansa na taɓa ganye. Ta tafi wurinsa ido jajir.

"Don me ka ɓoye min za su sallame ka?"

"Sallama? Wa ya ce?"

"Yaya. Ya ce maki shida ka ci."

"Masta ne ya faɗi haka?" Muryarsa ta yi ƙasa. "Shida na ci, gaskiya ne. Amma Fini, ba wannan ne aikina ba, kuma Masta ya sani. Shi ya koya min! Ranar ma a ɗakina ya kwana, na bar masa katifa."

"To cikinku wa zan yarda da shi?"

"Ba zan zagi malamina a gabanki ba. Abu ɗaya nake roƙo: kar ki ce min in tafi."

Ba ta ce ya tafi ba, ba ta kuma iya cewa ya tsaya ba. Ta koma gida da sanin cewa ɗaya daga cikin mutane biyun da ta fi amince wa yana cutarta.

Wata huɗu tana cikin wannan hali. Ta rame, ta daina waƙa a ƙungiyar mawaƙan coci. Ƙawarta Hellen ta ce, "Ki bi shi Kaduna kawai, a ɗaura a kotu, finish!" Afiniki ta ce ba za ta shiga gidan miji ta bar Baba da kunya ba. Mama kuwa kullum magana ɗaya take yi: "Ki yi haƙuri, ki yi addu'a. Ubangiji ya san wanda ya yi ƙarya."

Ranar babbar Sallah aka yi sallama a ƙofa. Shekara talatin Alhaji Sambo na kasuwa yana sayen cittar Baba, kuma kowace Sallah sai naman layya ya zo gidan, kamar yadda shinkafar Kirsimeti ke zuwa nasa. Ko rikicin addinin da aka yi a garin a shekarar tamanin da bakwai bai yanke wannan ba. Matan gidan ne suka saba kawowa. Bana kuwa wani dogon mutum ne ya shigo da kwano, ya durƙusa ya gai da Baba.

"Saifuddeen ɗan Alhaji! Yaushe rabonka da garin nan?"

"Shekara biyar, Baba. Na karɓi kwanon ne don in yi maka murna. Yaushe za mu sha bikin yarona Silvanus? Ai ni ne kocinsa."

Afiniki, da ke ɗauke da ruwan baƙo, ta tsaya cak. Jonathan na gefe yana wanke takalmi, sai hannunsa ya daina motsi.

Baba ya ce, "Yaron da za ka sallama?"

"Ni? Wa iyazu billahi! Baba, bari in faɗa maka yadda na faɗa wa Jonathan. Hannun hagunsa da saura, haka ne. Jifa kyauta yana zubarwa, yana da fushi, duk haka ne, kuma duk ana gyarawa, shekararsa ashirin da biyu kacal. Amma in ƙwallo ta bugi allo ta dawo, cikin mutum goma shi ke cafe ta. Ranar da Jonathan ya zo, goma sha bakwai yaron ya cafe, ya miƙa wa masu ci. Ɗan wasan da ya fi kowa ci a kulob ɗin da muka kara da su, Silvanus ya tsare shi bai yi katabus ba. Wannan ba a iya koya wa mutum. Na ce da Jonathan ya shaida maka mun ba shi kwantiragin shekara uku, kuma kamfani ya ɗauke shi ma'aikaci a sito, ko ya daina wasa aikinsa na nan."

Kofin ya suɓuce daga hannun Afiniki.

Baba ya juya a hankali. "Jonathan."

"Ban yi ƙarya ba, Baba. Duk abin da na faɗa, Koci ya faɗa."

"Sauran fa?"

Jonathan ya ajiye takalmin. "Shekara goma da suka wuce na je gwaji a wannan filin. Kwana biyu aka ce in koma gida. Ranar da ka aike ni, na zauna ina ji ana kiran sunan yaron da ni na koya wa riƙe ƙwallo. Sai kawai... sai kawai na kasa kawo sauran maganar."

"Ka kasa?" in ji Afiniki. "Wata huɗu, Yaya! Kana cin tuwon da na tuƙa, kana ganin ina kuka, kana ce min sorry! Silvanus ya bar maka katifarsa ya kwana a ƙasa!"

Mama ta riƙe ta. Malam Saifuddeen ya rasa inda zai ajiye idonsa.

Baba ya ce, "Gobe da sassafe za ka hau mota zuwa Godogodo. Rabin da ka haɗiye, shi za ka kai wa iyayen yaron, a durƙushe, a gaban duk wanda ke gidan. Ka ce su kawo kayansu."

An ɗaura auren a makon Kirsimeti. 'Yan kulob suka cika coci, dogaye har sai sun sunkuya a ƙofa, Baba yana ta nuna wa mutane surukinsa yana cewa, "Shi ne mai cafewa!" Da Afiniki ta bi shawarar gudu, da ta samu miji ta rasa gida. Haƙuri ya ba ta duka biyun. Shi kuwa Jonathan ya koyi cewa wanda aka aika ya dubo, amana ya ɗauka, kuma gaskiyar da aka yanke rabinta tana cutarwa kamar ƙarya.

Da za a tafi da amarya ya matso jikin mota, ido cike da hawaye.

"Fini, kin yafe min?"

Ta dube shi ta ce, "Na yafe, Yaya. Amma daga yau, duk labarin da ka kawo min, sai na tambaye ka ina sauran."