Muryar Inna Delu a Cikin Waya

Har yau in Mahadi ya bi ta Tsafe sai ya rage gudu a bakin tasha, daidai inda ya fara ganin Rahama shekara uku da suka wuce. Ranar ya sauko daga mota da jakar kwamfuta yana ta waige-waige, ita kuwa tana tsaye tana dariyarsa a ɓoye.

"Kai ne injiniyan Gusau? Ai na zata dattijo ne."

"Ni kuma na zata ba zan so garin nan ba," ya ce. Bai san ma ya faɗa ba.

Wani kamfanin sayar da iri a Gusau ne ya ɗauke su aiki. Suna son ƙirƙirarriyar basira, wadda manomi zai buga waya ya tambaye ta da Hausa ta ba shi amsa. Mahadi ya gina ta da buɗaɗɗiyar manhaja, irin wadda kowa ke da izinin ɗauka ya gyara ya mayar, ya ɗora ta a kwamfutar kamfanin. Aikin Rahama shi ne naɗo muryoyin tsofaffi, daga Tsafe har Kekun Waje a Bungudu.

Murya ta farko da ta naɗa ta mahaifiyarta ce, Inna Delu, tana bayanin ajiye wake da toka da barkono. Kwanaki ne masu daɗi. Suna cin dafaffiyar gyaɗa a mota, suna gardama a kan komai. Da la'asar saƙonsa zai shigo:

"Malamata, na'ura ta koyi kalma ɗari yau. Ni ɗaya na koya, sunanki."

"Allah ya shirye ka, Injiniyana. Ka ci abinci dai?"

Kafin lokacin kaka Inna Delu ta rasu.

Bashar, manajan kamfanin, ya daɗe yana son Rahama. Ya kawo shawarar a bar tsarin gida da Mahadi ya gina a yi hayar na wani kamfanin ƙetare, wanda sai an tura masa dukan muryoyin ya rufe abinsa, ba mai iya buɗewa ya gyara. Da ya zo ta'aziyya, sai ya gaya wa mahaifin Rahama, Malam Sahabi, cewa Mahadi ne ke shirin sayar da muryoyin.

Da dangin Mahadi suka zo neman aure, tsohon ko tabarma bai shimfiɗa ba.

"Wanda ya ɗauki muryar matata zai kai wa baƙi, shi zan ba ɗiyata? Ku tahi."

Rahama ta yi kuka har idonta ya kumbura, ta rubuta wa Mahadi: "In gaskiya ne, kada ka ƙara kira na."

Bai amsa ba, abin da ya ƙara ƙona mata rai. Ashe yana gaban masu kamfanin, sati biyu yana nuna musu cewa nasu na gida yana aiki, kuma in ya yi kuskure su za su buɗe su gyara. Ya ce in an tura muryoyin nan waje, shi ya bar aikin. A ƙarshe suka bi tasa.

Mahadi ya samu Malam Sahabi a gona, ya durƙusa.

"Baba, in maƙwabcinka ya rasa iri, me kake yi?"

"In ba shi mana. Da kaka shi maido, wani ya samu."

"To haka manhajar nan take. Ita ake ba kowa. Muryar Inna kuwa tana Gusau, ba ta taɓa fita ba. In ka ce a goge, yau zan goge."

Ya buga lamba, ya miƙa masa wayar. Tsohon ya karɓa, ya ce da ƙarfi, kamar mai magana da kurma, "Ƙaƙa ake aje wake?"

Na'urar ta ce, "Ga bayanin Inna Delu ta Tsafe." Sai ga muryarta, da ɗan tarin nan nata: "Ku bari shi bushe sarai. Kada ku yi gaggawa irin ta Malam."

Malam Sahabi ya yi dariya, dariyar ta koma hawaye. Sau uku yana sa a maimaita.

"Kada ka goge ta, yaro. Ku dawo ran Juma'a."

Da yamma saƙon Rahama ya shigo: "Ka yafe mini, Injiniyana."

"Ban taɓa riƙe ki ba, Malamata."

Bayan sallar Juma'a aka ɗaura aure a Tsafe, jama'a na ta addu'ar Allah ya ba da zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba. Da za a tafi da amarya, Malam Sahabi ya ba ta kwanon wake gauraye da toka, ya sa musu albarka. Motar na tashi Rahama ta waiga, ta hango shi a ƙofar gida ya kara waya a kunne, yana sake tambayar yadda ake ajiye wake.