Waƙar Da Auta Ta Ji Da Tafin Hannu

Mama ta kamo haɓar Auta ta juyo da fuskarta, domin ta haka ake yi mata magana a gidan in ana so maganar ta shiga. Ta ce ta ja ɗankwali ya rufe kunnen, in baƙi sun iso ta zauna kusa da ƙofa, ta sunkuyar da kai, duk abin da aka faɗa ta yi murmushi. Sauran magana ita Mama za ta ji da ita.

"In na sunkuyar da kai, Mama, da me zan ji su?"

"Ba ji aka ce ki yi ba, kunya aka ce ki yi. In an ɗaura aure sa sani."

Tun tana firamare wani zazzaɓi mai zafi ya tafi da kunnen Auta na hagu gaba ɗaya, ya bar mata kaɗan a na dama, shi ma sai da ƴar na'urar da take maƙalawa a bayansa. Magana kam tana yi tar, wani lokaci ma fiye da yadda Mama ke so, amma ta mutane a leɓensu take karantawa. Na'urar ce ta haɗa ta da Injiniya, mai gyaran sifika a bakin kasuwa. Murfin batir ne ya karye ta kai masa. Shi kuwa da ya gane matsalarta bai ɗaga murya ba, bai kuma yi mata kallon tausayi ba, sai ya kashe injin da ke ƙara, ya matso inda haske yake, ya yi magana a hankali. Daga ranar murfin ya riƙa karyewa fiye da ƙima.

Baƙin ranar su ne mahaifiyarsa, Hajiya, da yayarsa da kowa ke kira Yaya Babba, goye da jaririyarta. An gaisa, an kawo lemo, Mama na ta amsa tambayoyin da ba ita aka yi wa ba. Auta ta yi haƙuri iya haƙurinta, sannan ta sa hannu ta ture ɗankwalin baya, na'urar ta fito fili.

"Hajiya, don Allah in za ki yi mini magana ki dube ni. Ba na ji sosai, bakinki nake karantawa."

Mama ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Hajiya ta ajiye kofinta a hankali. Yaya Babba kuwa, wadda Allah bai hore wa linzamin baki ba, ta juya wajen uwarta ta kare baki da gefen hannu, sai dai ta kare ɓangaren da ba shi ba. Auta ta karanta komai: to in jariri ya yi kuka, wa zai ji? Ko maƙwabta za a ɗauka aiki?

Bayan tafiyarsu Mama ta yi faɗa har ta gaji ta koma kuka. Ta ce Auta ta kashe aurenta da bakinta. Auta ma ta yi kukan, a ɗaki, inda ba mai gani, amma da ta fito idonta a bushe yake. Ta ce auren da za a gina a kan ɗankwali, ranar da iska ta kaɗa zai rushe, kuma ita ba kayan kasuwa ba ce da za a juya ɓangaren da ya fashe ya kalli bango.

Ni dai ban ga laifinta ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, balle a gidan miji.

A can gidan su Injiniya wuta ce ta kama. Hajiya ta ce ba ta ƙi yarinyar don halinta ba, amma jikokinta take ji, kuma ba da yawunta ba. Injiniya bai yi mata gardama ba, don ba a haka aka rene shi ba. Ya dai durƙusa ya ce ba zai yi aure babu albarkarta ba, ba kuma zai nemi wata ba, zai jira. Yaya Babba ta ce to ya jira har furfura. Wata ya bi wata, kullum da safe yana zuwa gaida uwarsa, kullum da yamma yana tura wa Auta saƙon tes. Ita kuma ta ba shi sharaɗi ɗaya: kada ya kuskura ya roƙi kowa a madadinta.

Ana cikin haka aka sanar cewa wani tsohon mawaƙi zai yi wasa a babban ɗakin taro, da la'asar, kuma Injiniya aka ba aikin saita sauti. Auta ba ta taɓa zuwa wajen kiɗa ba. Amma akwai waƙar tsohon guda ɗaya, ta wata mata da ke jiran ɗanta a tasha, wadda take bi a rediyo kafin ciwon. Ita ce waƙa ta ƙarshe da ta ji da kunnuwa biyu, kuma rabin baitocin sun zube mata. Ta ce za ta.

Mama ta riƙe baki. Me kurma za ta yi a wajen kiɗa, in ban da neman a yi da ita? Auta ta ce ai an riga an yi da ita, saura ta ji daɗinta. Da labari ya kai kunnen Yaya Babba ta yi dariya har da tafawa, ta ce ita ma za ta, ta ga yadda ake sauraron waƙa da ido, ta dawo ta ba Hajiya labari. Jin cewa matar aure za ta raka ta ne ya sa Mama ta saki, tana gunaguni.

Ɗakin ya cika maƙil. Fankoki na juyawa a banza, masu sayar da ruwa na ratsa mutane, samari sun ɗaga wayoyi tun kafin a fara komai. Teburin Injiniya na can tsakiya, amma sai da ya rako su gaba, ya nuna wa Auta gefen dandamali, daidai inda wata ƙatuwar sifika ke zaune a kan katako. Ya ce ta cire na'urar, don a irin wannan ƙara kuwwa kawai za ta yi mata, ta ɗora tafin hannu a kan katakon. Sannan ya dubi goyon yayarsa, ya ce akwai kujera a can baya, nan bai dace da yarinya ba.

Yaya Babba ta ce ba ta biya tikiti don kallon ƙeyar mutane ba. Da ya tafi, Auta ma ta gwada.

"Yaya, ki koma baya da ita. Ni na san darajar kunne."

"Ji mini yarinya. Goyo huɗu na yi kafin wannan. Ke dai ji da katakonki."

Aka kashe fitilu aka bar na dandamali. Mai ganga ya ɗaga hannu ya sauke, sai Auta ta ji abin ya shigo ta tafinta, ya bi gwiwar hannu, ya sauka a ƙirji. Ta firgita ta janye hannun, ta kuma mayar da shi da sauri. Babbar ganga a ciki take jin ta, ƙaramar a haƙora, jita kuwa tsikar jiki take tayarwa kamar tafiyar tururuwa. Ta ga tsohon ya fito yana dogara sanda, ta ga ɗaruruwan bakuna sun buɗe lokaci guda suna faɗin kalma ɗaya, kuma a karo na farko tun ciwon ba ita kaɗai ce ke rasa maganar na kusa da ita ba. Kowa ihu yake a kunnen ɗan'uwansa, kowa na cewa "me ka ce?" Dariya ta kama ta, hawaye na zuba, ta bar su duka biyun.

Yaya Babba, da ta zo leƙen asiri, kafin waƙa ta uku ta manta abin da ya kawo ta. Ashe tun tana budurwa take son tsohon. Ta lumshe ido, ta ɗaga hannu, tana rangaji tana rera waƙar da muryar da a gidansu ake cewa ko ƙofar gareji ta fi ta daɗi.

Sai kiɗa ya sauya. Bugu biyu a hankali, ɗaya da ƙarfi. Auta ta gane shi tun kafin tsohon ya buɗe baki: waƙar tasha ce. Ta ɗora hannu na biyu a kan katakon, ta juya don ta ga ko Yaya ta gane, sai idonta ya faɗa kan goyon.

Jaririyar ta farka. Bakinta a wangale, fuskar ta yi jawur, jijiyar wuya ta tashi, tana banƙarewa tana cusa kai cikin zani. Uwar na rangaji, ta ɗauka motsin rawa ne. Na kusa da su ba wanda ya ji, don ba abin da ake ji sai tsohon. Auta ta taɓa kafaɗar Yaya, ita kuwa ta kaɗe hannun ba tare da ta buɗe ido ba. Ta sake taɓawa, aka sake kaɗewa.

Ta dubi dandamali. Leɓen tsohon na daidai saitinta, yana shirin baitin farko, baitin da ta yi shekaru tana nema. Ta ji haushi, ba za ta ɓoye ba, haushi mai ɗaci. Sannan ta cire hannuwanta daga katakon, ta fizge bakin zanin goyon, ta tallabo yarinyar, ta manna kunnenta ɗaya a ƙirjinta, ta toshe ɗayan da tafi, ta kutsa cikin mutane.

Yaya Babba ta biyo ta tana zage-zagen da Allah Ya taimaka ba wanda ya ji. Sai da ƙofa ta rufe a bayansu, ƙara ta ragu, sannan kukan ya doki kunnenta. Muryar yarinyar har ta dishe. Ta tsaya cak, zanin goyo a hannu.

Auta ta zauna a kan matakala tana jijjiga yarinyar, ta sa yatsu biyu a ƙirjinta tana bin numfashin har ya lafa. Sannan ta miƙa ta, ta ɗauko na'urarta ta maƙala.

"Ba don ki so ni na yi ba, Yaya. Ban zo jarrabawa ba, waƙa na zo ji. Ki je ki gaya wa Hajiya duk abin da kika ga dama. In ɗanta na sona a haka, ga ni. In sai na zama wata, ku nemo wata ɗin."

Yaya Babba, mai amsa a kan kowace magana, sai kawai ta rungume ƴarta tana kuka, tana shafa ƴan kunnuwan. A jikin ƙofa Auta ta ji bugun ya tsaya, tafi ya biyo baya. Waƙar ta ƙare.

Can Yaya ta share ido ta tambaye ta ko ita ce waƙar da ƙaninta ya ce tana jira. Auta ta gyaɗa kai, ta kawar da fuska. Yaya ta gyara goyo, ta zauna a matakalar ƙasa, ta kamo haɓar Auta ta juyo da ita, sannan ta ɗauki hannunta ta ɗora a kan maƙogwaronta.

"Dube ni sosai. Na iya ta tun daga farko har ƙarshe."

Ta rera, a hankali, tana buɗe baki yadda kowace kalma za ta fito. Mai gadi ya juyo ya dube su, ya matsa da kujerarsa can nesa. Auta kuwa ta tsinci baitocinta ɗaya bayan ɗaya, har inda matar ta hango ɗanta yana saukowa daga mota. A haka Injiniya ya same su da aka tashi, mata biyu a matakala fuska jiƙe, ya tsaya da wayar sifika a naɗe a kafaɗa yana kallonsu.

Abin da Yaya Babba ta gaya wa Hajiya a ranar, ba wanda ya sani daidai. An dai ce ta ce ita mai kunnuwa biyu ba ta ji ƴarta ba, kuma gani ya kori ji. Hajiya ba ta sauko nan take ba, manya ba sa saukowa da gudu. Amma ranar da ta sake zuwa gidan su Auta, da kanta ta ja kujera zuwa bakin taga inda haske yake, ta dubi Auta ido cikin ido kafin ta yi magana. Mama ta kai hannu za ta gyara ɗankwalin, Hajiya ta ce a bar shi.

Haƙurin Injiniya bai faɗi ƙasa ba, gaskiyar Auta ma haka. Wanda ya ɓoye kansa don a so shi, ba shi aka so ba. Wanda kuma ya auna mutum da abin da ya rasa, wata rana shi zai nemi aron abin da yake da shi.

Yanzu ƴaƴansu sun tasa, kuma Auta ta je wajen kiɗa ba adadi. Amma in yaran suka tambaye ta wanne ne mawaƙin da ya fi kowa a duk waɗanda ta gani, sai ta nuna gwaggonsu Yaya Babba. Gida ya kwashe da dariya, Injiniya ya ce ai sai wanda ba ya ji ne zai faɗi haka.

"Ku da kunne kuka ji ta," in ji Auta. "Ni da hannu na ji."