Yatsu Huɗu a Kafaɗar Auta

Shekara ashirin ina gyaran hoto, kuma kullum ina gaya wa mutane: in za ku ɗauki hoton iyali, ku sa tsofaffi a tsakiya. Wanda aka tura gefe shi ake fara yankewa.

Wani ɗan kasuwa ya kawo mini hoton gidansu. An tsayar da mahaifiyarsa can ƙarshen layi, ta rame, idonta a rufe. Ya ce, "Mai hoto, cire Inna, ta ɓata tsarin. Ai ta rasu, kar yara su riƙa tuna ta a haka." Ban yi musu ba, na goge ta. Wannan laifina ne.

Daren nan ina shirin rufe shago, wata tsohuwa ta yi sallama. Tana gabana, amma muryarta kamar daga ɗakin baya take fitowa. Warin man zafi ya cika shagon. Fitilar aiki tana haska ta, bango babu inuwa.

"Ɗan nan, kai ne mai gyara?"

"Ni ne, Iya. Sai dai gobe."

"Ba zan daɗe ba. Hoton nan kaɗai muka taɓa yi gaba ɗayanmu. Tsayuwa ta yi mini wuya ranar, amma na tsaya."

Na duba hoton ɗan kasuwar a kwamfuta. A kafaɗar autan gidan ga yatsu huɗu da na manta ban goge ba, ɗaya da zoben azurfa mai tsaga.

Ta dafa teburina. Na ga zoben.

"Ko a gefen ne," ta ce, "mayar da ni."