Yaren da Munira Ta Goge

Da hantsi Munira tana zaune ƙarƙashin rumfa a tsakar gidansu na Umdurman, waya a hannu, kakarta Iya kuma tana kishingiɗe kan gadon igiya tana jan carbi. Gida ne mai ɗakuna da yawa, amma su biyu kaɗai suka rage a ciki. Yaƙi ya watsa dangi, wasu suna Masar, wasu Gadarif, wasu kuwa sai dai addu'a. Harbe-harbe sun lafa, amma har yanzu ƙofofin layinsu a garƙame suke, ko kukan jariri ba ka ji.

Wayar ta yi ƙara. Yaya Muhannad ne daga Alƙahira, wanda tun rasuwar mahaifinsu shi ne uba, shi ne waliyyi.

"An kira ki aikin?" ya tambaya da Larabci, ko sallama bai ƙarasa ba.

"Shiru dai, Yaya."

"To saurara. Bayan Babbar Sallah zan aiko a ɗauko ku, ke da Iya. Maganar aurenki da Al'amin kuma a ajiye ta."

"Haba Yaya! Da bakinka fa ka amsa masa!"

"Na amsa masa lokacin yana da gareji a unguwar masana'antu, Mantiƙa Sinaiya. Yanzu ko sifana ba a bar masa ba. Ba zan bar ƙanwata a kango da makanike marar aiki ba. In ɗayanku ya samu aiki mai albashi kafin Sallah, na ji, a ɗaura. In babu, ki haɗa kaya. Khalas!"

Ya kashe wayar, ya bar ta da hawaye.

Shi dai Muhannad ne ya nuna mata manhajar nan ta AI, wadda za ka faɗa mata abin da ka karanta da aikin da kake nema, kafin ka ƙifta ido ta zayyano maka takarda, da Larabci ko da Turanci. Amma ya haɗa mata da doka: kada ta sa Hausa cikin yarukan da take ji, kada ta rubuta sunan kakansu Ɗantsoho, ta tsaya a Munira Uthman. Girkin da ta yi wa jama'a a takiyyar unguwa, inda ake dafa abincin sadaka, lokacin yaƙi ma ya ce ta cire, wai aikin tukunya ba ya shiga CV.

Kada ku ga baƙinsa da yawa, ba shi ya ƙirƙiro dokar ba. Haka aka taso a gidaje irin nasu, jikokin alhazan da suka taho da ƙafa daga ƙasar Hausa suka zauna: Hausa a tsakar gida, da an taka bakin ƙofa sai Larabci zalla, kada a kira ka baƙo a garin da aka binne cibiyarka. Ranar farko ma manhajar ta sa Hausar da kanta, don Munira ta ambata mata. Da Munira ta ce a goge, sai manhajar ta goge, ta ƙara da cewa yare na uku kan taimaki mai neman aiki, ko a mayar? Munira ta ce a'a.

Da la'asar Al'amin ya shigo da ledar burodi, ya durƙusa ya gai da Iya. Munira ta karanta masa sabuwar takardarta, tana jiran yabo.

"Tamam, ta yi kyau wallahi," ya ce. "Amma wace ce wannan?"

"Kamar yaya wace ce? Ni ce mana!"

"A'a. Wadda na sani ta karanci aikin jinya, ta wanke raunin mutane a layin nan ana ruwan harsashi, ta dafa wa unguwa wake da itacen tsohuwar ƙofa. Wannan ta takardar kuwa, wai 'mai ƙwazo ce, mai son aiki cikin tawaga' — ko a raksha, keke mai ƙafa uku, muka haɗu ba zan gane ta ba."

Ran Munira ya ɓaci. "Saboda kai fa nake wannan wahalar! Da kana da aiki, da zan zauna ina roƙon waya ta yi mini kwalliya?"

Maganar ta fita kafin ta riƙe ta. Al'amin ya sunkuyar da kai, ya ce gaskiya ta faɗa, ya yi wa Iya sallama. Washegari ta ji a bakin mai shago cewa ya tafi Jabal Awliya gyaran injin kwalekwalen masunta.

Daga nan gidan ya ƙara girma. Ta share tsakar gida, ta dafa shayi, ta jira wuta ta dawo ta yi caji, ta tura takarda, ta jira. Ƙawayenta duk sun warwatsu, in ta yi musu saƙo sai su aiko da hoton zuciya kawai. Al'amin kuwa shiru, ko shabaka ce, wato netwok ɗin waya, babu a can, ko fushi ne, oho. Har ta kai in ta gama da takarda sai ta ci gaba da yi wa manhajar hira, don dai wani abu ya amsa mata. Kaɗaici ya cinye ta, ta rame.

"Wannan ƙawar taki ta cikin waya," in ji Iya, "tana shan shayi kuwa? A ƙara mata kofi?"

Ko murmushi Munira ba ta iya yi ba.

Sallah ta matso, har an fara ganin raguna jefi-jefi a bakin titi, sai ga saƙo daga Al'amin. Hoton wata sanarwa ce a jikin bango: wata ƙungiya ta buɗe ƙaramin asibiti a Jabal Awliya, ana neman ma'aikaciyar jinya. Ko kalma ɗaya bai ƙara ba. Munira ta san wannan ce damar ƙarshe. Nan da nan manhajar ta tsara takarda, sumul kamar sauran.

"Karanta mini da Hausa in ji," Iya ta ce, "in tofa mata albarka."

Munira ta fara. "Ni Munira Uthman…"

"Uthman ɗan wa?"

"Iya, a nan ake tsayawa."

"Ina Ɗantsoho?"

Iya ta daɗe tana kallonta, sannan ta ajiye carbin.

"Mutumin nan yana yaro ya taho da ƙafa, ya yi dako a kasuwar Suk al-Shabi har bayansa ya lanƙwashe, da guminsa aka ɗora rumfar da kike zaune ƙarƙashinta. Na binne shi sau ɗaya, na yi haƙuri. Ashe ku kullum sai kun sake binne shi." Ta juya fuskarta bango. Tun aka fara yaƙin nan Munira ba ta ga Iya ta yi kuka ba sai ranar.

Munira ta ɗauki wayar. Ta rubuta wa manhajar cikakken sunanta, ta ce a mayar da Hausa, a sa takiyya, a sa raunukan da ta wanke, kuma a rage zaƙin baki. Da takardar ta fito sai ta bi ta layi-layi, duk inda ba ta ji muryarta ba ta gyara da kanta. Ta tura wa asibitin, sannan ta tura wa Yaya, don ba ta son yi masa ɓoyo.

Kiran nasa bai jima ba. "Kin haukace ne? Kin yanka kanki da hannunki! To shi ke nan, ki fara ɗaure kaya!"

Ta kuwa fara. Tana cikin ninke zannuwan Iya aka kira ta intabiyu.

Ta ƙetare gada, ta hau bas a Suk al-Shabi har Jabal Awliya. A ƙofar asibitin mata ne zaune birjik cikin inuwa, yawanci matan masunta da waɗanda gudun hijira ya kawo. Shugabar wurin, Dakta Ni'mat, dattijuwa ce mai tabarau, Larabcinta na 'yan Khartum tsantsa. Ta yi tambayoyin allura da ɗaurin rauni, ba fara'a. Sai ta sake duba takardar, ta tashi ta rufe ƙofa.

"'Yar gidan Ɗantsoho," ta ce da Hausa, harshenta yana ɗan sarƙewa, "ina gajiya?"

Munira ta daskare a kujera.

"Takardu sun zo mini tuli, duk iri ɗaya, kamar an toya su a tanda ɗaya. Na tabbata akwai 'ya'yanmu a ciki, amma ba wadda ta faɗa. Ba na ganin laifinsu, ni ma a nawa takardun babu, har Hausar ta tsufa mini a baki. Tsofaffin nan na waje suna jin Larabcin kasuwa, amma ciwon mara da yaren uwa ake faɗinsa, kuma tawa ba ta kai nan ba. Za ki iya farawa kafin Sallah?"

Munira ta gyaɗa kai tana kuka.

A gindin bishiyar ƙofa ta tarar da Al'amin, hannunsa baƙi ƙirin da man inji.

"Ka yafe mini," ta ce.

"Ke dai faɗa mini, wacce suka ɗauka? Tawa ko ta waya?"

"Taka."

Da ta isa gida ta kira Alƙahira, ta kwashe labari kaf ta faɗa. Sai ta ji muryar Muhannad ƙasa-ƙasa, da yaren da rabonta da ji a bakinsa tun suna yara.

"Ki ce wa Al'amin ya turo manyansa. Ba ni Iya in roƙe ta gafara."

Bayan Sallah aka ɗaura auren ƙarƙashin rumfar nan, mutane kaɗan, farin ciki mai yawa.

To, 'yan'uwa matasa, ba laifi ba ne na'ura ta tsara muku magana, amma abin da kuka ba ta shi take mayar muku. Ku yi haƙuri, ku faɗi gaskiyar ko ku su wane ne. Munira ta daɗe tana goge wanda ya haifi ubanta don a buɗe mata ƙofa, ashe ƙofar sunansa take jira.