Gimbiyar Kanal

"Wace ce ke? Wa ya ba ki izinin taɓa ni?!"

Cokalin ya suɓuce daga hannunta. Tsohuwar ta tsaya tana kallon mijinta, Kanal mai ritaya, ya manne da bango a kan gado yana hararar ta kamar ya kama ɓarauniya.

"Ni ce fa, masoyina... Gimbiyarka."

"Ƙarya kike yi! Gimbiyata yarinya ce. Ke kuwa dubi fuskarki!"

Ta sunkuya ta ɗauki cokalin, ta fita kafin hawayen su tona mata asiri.

Uwar Bariki, haka kowa ke kiranta. Tana budurwa ta gan shi, ƙaramin hafsa mai dariya kamar ba ya da damuwa a duniya. Mahaifinta ya buga ƙafa ya ce, "Soja ba miji ba ne, baƙo ne mai bindiga!" Ta kafe. Ya ba shi ita, amma har ya koma ga Allah bai taka ƙofar gidanta ba.

Ta bi Kanal duk inda aka jefa shi. Barikin kan dutse inda ruwa ke daskarewa a bokiti. Garin bakin teku inda gishiri ya cinye mata tukwane. Ƙasashen da ba ta jin yarensu, sai da hannu take cinikin albasa. Duk inda suka sauka, kafin ta gama kwance kaya ta nemi asibitin sojoji. Ta wanke raunuka, ta koya wa matan kurata ɗinki da karatu, ta zauna da duk wadda aka kawo wa mugun labari. Ba wanda ya sa ta, ba wanda ya biya ta. Ko da aka dawo mata da ɗanta tilo cikin akwati lulluɓe da tuta, ba ta daɗe ba ta koma bakin gadajen 'ya'yan wasu.

Yanzu tsufa ya cinye wa Kanal tunani. Ƙanwarsa kuma, wadda ta so ya auri ƙawarta tun suna yara kuma ba ta taɓa hucewa ba, ta tare a gidan da sunan jinya.

Da hantsi Uwar Bariki ta dawo da magani, sai ta jiyo muryar ƙanwar tasa a ɗakin.

"Yaya, ka daina kiranta. Matarka ta gudu tun da ka kwanta. Wannan tsohuwar 'yar aiki ce muka ɗauko maka."

"Ta gudu...?" Muryarsa ta karye kamar ta yaro. "Gimbiyata?"

Uwar Bariki ta banko ƙofar.

"Ki ji tsoron Allah! Me na yi miki?"

"Kin raba shi da danginsa, kin yi ta yawo da shi a duniya, kin tura ɗansa ga mutuwa. Yanzu kuma ya dawo hannunmu, matar Yaya."

"Masoyina, dube ni! Ni ce na..."

"Ku fitar da ita!" Kanal ya yi ihu, numfashinsa na sarƙewa.

Likita ya zo ya duba shi, ya ja Uwar Bariki gefe.

"Mama, kar ki sake musu da shi. Zuciyarsa ba za ta ɗauka ba."

Washegari ta shigo da ruwan ɗumi da tawul, ta durƙusa.

"Ranka ya daɗe, 'yar aiki ce. Zan goge maka jiki."

Ya miƙo mata hannu ba gardama.

Haka ta zauna da shi. Tana aske masa gemu, shi kuma yana ba ta labarin Gimbiya.

"Da kin gan ta ranar da muka fara shiga jirgin ruwa! Ta riƙe ni gam, tana amai tana dariya..."

"Lallai ka so ta, ranka ya daɗe."

"Kamar raina. Me na yi mata ta tafi?"

Ta cije leɓe har ta ji ɗanɗanon jini.

Ranar ƙarshe, da safe, ya kama yatsunta. Idanunsa na kan ƙofa.

"Baiwar Allah, ke mai kirki ce. Ba irinta ba."

"Ranka ya daɗe..."

"In kin gan ta, ki ce na jira. Ki ce... ban yafe ba."

"Ni ce! Wallahi ni ce, hasken idona! Ban taɓa tafiya ba!"

Amma hannun ya riga ya saki.

Gida ya cika da matan da ta taɓa share wa hawaye, wasu daga garuruwa masu nisa. Ƙanwar Kanal na zaune a tsakiya tana karɓar gaisuwa, ta fi kowa kuka. Wata yarinya da ta rasa mijinta a fagen daga ta matso, ta kwantar da kai a cinyar Uwar Bariki.

"Mama, ke kam kin more. A hannunki ya cika, yana son ki."

Tsohuwar ta shafa kanta a hankali.

"Haka ne, 'yata," ta ce. "Har ya cika yana nemana."