Cittar Bakin Taga

Wayyo duniya! Wuƙa a hannun dama, citta a hannun hagu, kunne kuma yana ɗakin Mama, haka Yemima take wuni tun ranar da aka binne mijinta Azariya. Yatsunta duk sun tsattsage, yaji na shiga yana cin ta har ƙashi, amma kafin ta gama kwando ɗaya sai ta ji ƙwal! ƙwal! ƙwal!... Uwar marigayi ce, wadda ɓarin jikinta ya shanye, bakinta ya daina magana. Cokali take bugawa a kwano in tana so a juya ta. Sai Yemima ta yar da wuƙa ta ruga.

Bana ta fara sana'ar busasshiyar citta don ta riƙe marayunta biyu. Matan unguwa kan kai tasu bakin titin Zonkwa su baza a ƙasa, inda rana ke da faɗi. Ita kuwa ina! In ta tafi titi, wa zai ji cokali? Sai ta kafa sanduna a tsakar gida, ta ɗaura asabari a kai daidai tagar Mama, tana shanya kaɗan-kaɗan. Abin da wasu ke gamawa a mako guda, ita sai ta kwashe uku. Ranar da ta kai ɗanɗanon cittarta shagon Madam Nnenna, 'yar kasuwar da ke kusa da tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan, Madam ta karya ɗaya ta sansana ta ce, "Kai! Wannan citta naki ya yi kyau! Kawo buhu biyar ran Jumma'a. In ya yi haka, ni da ke ne kullum."

A gaban Zipora aka faɗi haka. Zipora yayar marigayi ce, 'yar Mama ta cikinta, shekara tara tana kawo citta shagon nan ba a taɓa yi mata ko sannu ba. Dama abin na cin ta, don in ta shiga ɗakin uwarta tsohuwa juya fuska take yi, in Yemima ta shigo sai idonta ya yi haske. A hanyar gida ta ce, "Matarmu, kin iya fa! Kin cinye ƙanina, kin ƙwace uwata, yanzu kasuwar ma taki ce?"

"Haba Anti Zipora... ai abincin jikokin Mama nake nema."

Ran Alhamis zazzaɓi ya rufe Mama. Ga buhuna biyar da sunan Yemima a jiki ba a ɗinke ba, ga tsohuwa na karkarwa. Yemima ta dubi buhuna, ta dubi taga, hawaye suka zubo. Sai ga Zipora da murmushi kamar zuma: "Je ki kira mai allura ya duba Mama, matarmu, ni zan ɗinke miki buhunan." Baiwar Allah ta yi godiya har da durƙusawa!

Jumma'a a shago, Madam ta farke buhun farko, wari ya tashi. Jiƙaƙƙiyar citta ce, ta fara fumfuna, irin wadda maha'inta ke yayyafa wa ruwa don ta yi nauyi. "Yesu! Ke ma? Kwashe kayanki, kada na sake ganin ƙafanki a nan!" Yemima ta zube ƙasa. "Madam, Ubangiji ne shaidata, ban sa ruwa ba!" Babu mai saurare. Zipora kuwa ta sauke nata buhunan masu tsabta, tana girgiza kai tana cewa, "Ai mun faɗa, shiru-shirun nan ba na Allah ba ne." Aka ba ta cinikin. Magana ta kai majami'a, a taron Zumuntar Mata aka riƙa janye jiki daga bencin da Yemima take, yaranta suka dawo da kuka wai an kira su 'ya'yan mai ruwa. Yemima takan juya Mama, ta share mata baki, ta ce, "Ya Uba, kai ka ga abin da ban gani ba..." Tsohuwa kuwa sai ta yi ta buga kwano tana hawaye, ba wanda ya gane.

Bayan mako uku, da hantsi, babur ya tsaya a ƙofar gida. Madam ce, ta taso Zipora a gaba. Ta tsaya ta daɗe tana kallon asabarin nan da ke sama da ƙasa, sannan ta buɗe tafinta: yashi ne da tsakuwar kwalta. "Wannan daga gindin buhun da Zipora ta kawo jiya. Wanda ta kawo ran Jumma'an nan kuwa babu yashi ko ɗaya. Yemima, zazzage mini buhun da na kore ki da shi." Aka zazzage... sai ga yashi da tsakuwa suna zuba shar! "Cittar da bai taɓa ƙasa ba, ina ya samu kwalta?"

Ƙwal! ƙwal! ƙwal! Duk suka juya. Ta taga, Mama ta ɗaga hannunta mai lafiya, ta nuna 'yar cikinta da cokali. Ashe ta tagar nan ta ga Zipora tana musanya cittar Yemima da tata ranar da aka tafi kiran mai allura. Zipora ta fashe da kuka: "Mama, ni kika haifa fa! Ni! Ko sau ɗaya ba ki dube ni yadda kike dubanta ba!"

Ran Lahadi a majami'a aka sa Zipora horo a bencin baya, shagon Madam kuma ya rufe mata har abada. Madam ta kama yatsun Yemima masu tsaga ta ce, "Yafe ni, 'yar'uwa. Komai kaɗan da kin shanya, nawa ne, ni zan aiko a ɗauka." Yemima ta buɗe baki za ta yi godiya, sai cokali ya buga a ɗaki. Ta share hawaye da bakin zane.

"Madam, ki ɗan jira ni... Mama na kira."